Sabuwar Ƙwaƙwalwa a Jikin Tsohon Injin Sassaƙa Ƙarfe

Injin da na samu ƙarami ne, irin waɗanda aka ƙera a Turai cikin shekarun 1980 domin koyar da ɗalibai. Mutum biyu za su ɗaga shi su aza kan tebur. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙarfe a cok, wato bakin da ke damƙe aiki, yana juya shi, wuƙa tana bi tana fere shi har ya fito yadda ake so, kuma tun asali kwamfuta ce ke tuƙa wuƙar, ba hannu ba. Sai dai kwamfutar ta wancan zamani ce: 'yan maɓallai, da ɗan gilashi mai nuna jajayen lambobi, da ramin ƙaramin kaset inda ake adana shirin aiki. In na kunna, fanka ta tashi, lambobi su haska su ɗauke, shi ke nan. Gadon injin kuwa lafiyarsa ƙalau. Hanyoyin da keken wuƙa ke bi ba su zaizaye ba, boris ɗin sandar juyi ba ya ƙara, sukurorin da ke tura keken suna juyawa sumul. Lantarkin ne kawai ya tsufa.

Na yi tunanin gyara tsohon allon, amma ban daɗe a kai ba. Ko da ya tashi, zan koma danna shiri layi-layi da yatsa, a cikin ma'adanar da ba ta ɗaukar dogon aiki, kuma duk ranar da wani ɗan ƙwayar lantarki ya ƙone sai an sha wahalar neman irinsa. Sai na yanke shawarar kwashe kayan cikin akwatin, in bar ƙarfe a matsayinsa.

Kafin in kwance ko waya ɗaya, na ɗauki hoton kowane lungu na akwatin, na manna wa kowace waya takarda mai lamba a kanta biyu, na bi su da mita ina rubuta inda kowacce ta fito da inda ta nufa. Manyan kafasitoci kuma na sauke musu caji ta cikin rizisto, na auna na ga sifili, sannan na sa hannu, domin suna riƙe wuta bayan an zare filogi. Abubuwa huɗu na bari: moton da ke juya cok tare da allonsa, faifan ƙarfe mai ramuka da ke bayan sandar juyi, fuloli da bel na layukan tafiyar wuƙa biyu, da kuma akwatin kansa.

Injin irin wannan layi biyu gare shi. Z shi ne tafiya a tsawon ƙarfe, X kuma shiga da fita wajen tsakiyarsa. Kowane layi moto mai taku ne ke tura shi, wato moton da ba ya gudu sakaka, sai dai ya matsa taku ɗaya duk lokacin da aka aiko masa da bugun lantarki ɗaya. Tsofaffin suna yin taku 72 a zagaye. Na maye gurbinsu da na girman NEMA 23, masu taku 200 a zagaye, digiri 1.8 kowane taku. Ramukan kusoshinsu ba su yi daidai da na da ba, don haka na yanka faranti biyu na alminiyom na huda su, na bar ramukan da ɗan tsawo saboda a samu damar ja wa bel. Kowane moto na ba shi direba DM542, wato allon da ke karɓar bugu ya tura wa moto wuta, su biyun suna shan volt 48 daga tushe guda. Wayoyin moto huɗu ne, biyu-biyu suke tafiya, kuma mita ce ke nuna waɗanda ke tare: in ta yi ƙara, nannaɗe guda ne. Wata doka da ba a wasa da ita a nan ita ce ba a cire wayar moto alhali direba na da wuta. Nan take yana iya ƙonewa.

Lissafin taku shi ne farkon abin da manhaja za ta tambaye ka. Fulin moto haƙori 16 ne, na sukuru 40, ke nan moto zai zagaya sau 2.5 kafin sukuru ya zagaya sau ɗaya. Sukurun kuma yana matsar da keke milimita 2.5 a kowane zagaye. Abin ya faɗo daidai: zagayen moto ɗaya, milimita ɗaya. Na saita direba ya raba kowane taku gida 8, sai ya zama bugu 1600 a kowace milimita. Lambar tana da daɗin ji, amma kada ta ruɗi mutum. Raba taku yana sa tafiya ta yi laushi, yana rage kuka da girgiza, amma ba ya mayar da injin mai iya yanka kashi ɗaya cikin 1600 na milimita. Abin da na dogara da shi shi ne cikakken taku, milimita 0.005, wanda ya riga ya fi na da kusan ninki uku.

Wajen zaɓen manhaja ne na fi ɓata lokaci ina karatu. Akwai hanyoyi da dama masu sauƙi da za su motsa layi biyu ba tare da wata matsala ba, kuma in da injin huda ko na zane nake haɗawa, da kowacce ta wadatar. Amma injin da ke juya ƙarfe yana da buƙata ta daban: dole wuƙa ta iya bin juyin cok ƙafa da ƙafa, in ba haka ba babu yanka tiredi, wato haƙoran da ke naɗe jikin sukuru ko cikin noti. Wata manhaja mai suna Mach3 tana yin haka da bugu ɗaya a kowane zagaye. Ni na fi son abin da zai riƙa duba cok sau da yawa a cikin zagayen, saboda ƙaramin moto yana rage gudu da zarar wuƙa ta nutse. Shi ya sa na tsaya kan LinuxCNC. Manhaja ce ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta, asalinta daga wani aiki ne mai suna EMC da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fara. Tana iya aiki ta tsohuwar kafar firinta mai fil 25, inda kwamfuta da kanta ke haifar da kowane bugu, amma na gwammace in sa katin Mesa 7i96S da ke haɗuwa ta wayar Ethernet. Katin ne ke haifar da bugun taku, shi ke ƙirga juyin cok, kwamfuta kuma aikinta ta gaya masa inda za a nufa sau 1000 a daƙiƙa.

Wannan sau 1000 ɗin ba ya son latti. Saboda haka kafin komai na ɗora Debian, wani nau'in Linux, mai ƙwayar PREEMPT_RT da aka yi don aikin da ba ya son latti, a wata tsohuwar kwamfutar tebur, na kunna gwajin jinkiri da ke zuwa da manhajar, na bar shi yana gudu ina takura wa kwamfutar: bidiyo a buɗe, manyan fayiloli ana kwafa, tagogi ina ja ina saki. Lambar ta riƙa tsalle har sai da na shiga BIOS na kashe dabarun tattalin wuta na furosesa, sannan ta kwanta. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cika dacewa da wannan aiki ba saboda wannan dalilin. Katin na ba shi adireshi 10.10.10.10, na keɓe masa kafar Ethernet shi kaɗai, ba ya raba ta da intanet.

Shirya akwati aiki ne na haƙuri, ba na basira ba. Wayoyin wuta da na moto na bi da su ta gefe guda, na sigina ta ɗaya gefen, in dole su haɗu sai su gicciye juna, kada su jera. Duk wayoyin ƙasa na tara su a kusa ɗaya a jikin akwatin. Jan maɓallin tsayawar gaggawa ban yarda ya bi ta manhaja kaɗai ba. Shi ke riƙe da kontakta, wato babban makunnin da ke ba motoci wuta, in an buga shi wutar moto duka ta yanke ko da kwamfuta ta sandare, sannan wata waya daban ta sanar da manhaja abin da ya faru. Makunnan iyaka da na gida, wato wurin da keke ke komawa don manhaja ta san inda yake, duk na ɗaura su a rufe, yadda in waya ta tsinke injin zai ɗauka an taɓa iyaka ya tsaya, maimakon ya ci gaba bai san ya makance ba.

Motsin farko bai ba ni wahala ba. Na cika tambayoyin PnCconf, manhajar saiti ta LinuxCNC, na ba bugun taku tsawon nanosakan 5000 don direba ya gan shi sarai, na danna kibiya, keke ya matsa. Na juya alƙiblar X a saiti saboda ƙa'ida ita ce lamba ta ƙaru in wuƙa na janyewa daga tsakiya. Na kafa agogon awo a kan gado, na ce a tafi milimita 10, allura ta zagaya ta tsaya kan 10. Na tura gaba na dawo baya don in ga wasan da ke cikin sukuru, na samu kusan 0.02 a X. A wannan layi kowane kuskure ninki biyu yake fitowa a kaurin ƙarfe, tunda ana cire shi ta kowane gefe, don haka na fara ɗaure abin da ke ɗauruwa, boris ɗin ƙarshen sukuru da 'yan kusoshin da ke matse keke, sannan na rubuta ragowar a fayil ɗin saiti na INI domin manhaja ta riƙa cikewa. Gudun komawa na tsayar da shi kan milimita 900 a minti. Ya fi haka a gwaji, amma moto mai taku ƙarfinsa raguwa yake yi in ya yi sauri, kuma in ya zubar da taku ba ya faɗa wa kowa. Wajen komawa gida na sa X ya fara janyewa kafin Z ya motsa, kada wuƙa ta ja jiki a kan aiki.

A nan mutane da yawa ke ɗaukar bidiyo su ce an gama. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya rage, wato sandar juyi, ya ci mini lokaci fiye da duk abin da na ambata a haɗe.

Na farko, sarrafa gudunta. A da ana murɗa wani ɗan maɓalli ne mai wayoyi uku da ke zuwa allon moton. Abin da zai zo wa mutum a rai shi ne ya cire maɓallin ya kawo volt 0 zuwa 10 daga kati ya jona. To a irin waɗannan alluna na moton DC, sau da yawa wayoyin nan uku ba a raba su da wutar gida ba. Na sa mita tsakanin wadda ake ɗauka ita ce sifili da jikin injin, na ga wuta mai kisa zaune a kanta. Da an jona ta da ƙasan kati kai tsaye, da kati da kwamfuta sun tafi tare, wataƙila har da mai taɓa su. Katin da na zaɓa yana da mafita keɓaɓɓiya da ke tsayawa a madadin wannan maɓalli, ba ta da haɗi da sauran kewayen, ita na yi amfani da ita. Kunnawa da kashewa kuma ta rile, wato makunnin da lantarki ke taɓawa. Duk mai shirin irin wannan aiki ya auna wayoyin nan kafin ya taɓa su, ko da takardar allon ta ce komai.

Na biyu, ƙirga juyi. Faifan da ke bayan sandar yana da ramuka 100 a gefensa, da wani rami guda daban da ke nuna mafarin zagaye. Idanu biyu na haske ke leƙa su. Na canza idanun da sababbi, na bar faifan. A juyi 2000 a minti, ramukan suna ba da bugu kusan 3,333 a daƙiƙa, abin da katin ke ƙirgawa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Tunda ido ɗaya ne ke kallon ramuka 100 ɗin, na saita ma'ƙirgin ya ƙirga hawa kawai, na gaya masa 100 ne zagaye guda. Na juya cok da hannu ina kallon lambar a mitar HAL, wato sashen LinuxCNC da ke haɗa sigina da sigina: zagaye ɗaya, ta ƙaru da 1 daidai. Na ɗaga siginar jiran mafari, na juya a hankali, da ramin nan guda ya zo gaban ido sai lambar ta koma sifili. Komai daidai, matuƙar moto a kashe yake.

Da na kunna moto sai lambar gudu ta fara rawa. Ina neman 500, tana nuna 500, can ta yi tsalle ta dawo. Kunnena kuma yana gaya mini cok bai canza gudu ba. Na buɗe Halscope, mai zana sigina a allo, na ɗora siginar mafari a kai, sai ga shi ƙuru-ƙuru: tsakanin bugun gaskiya da na gaba akwai wasu 'yan siraran ƙayoyi da ke fitowa ba bisa tsari ba, kuma suna ƙaruwa in na matsa wa cok da katako. Ruwa ba ya tsami banza. Allon moton yana datsa wutar gida ne gunduwa-gunduwa, burushin moton ma yana tartsatsi, siririyar wayar idon kuma tana kwasar duk wannan hayaniya. Ga gudu kaɗai, wannan abin haushi ne kawai. Ga tiredi kuwa halaka ne, domin kowane bi na wuƙa yana jiran ramin mafari kafin ya tashi, in ya ji na ƙarya sai ya shiga ta wani wuri daban ya tsaga haƙoran da aka riga aka yanka. Na canza wayar da mai rigar kariya, na ɗaure rigar da ƙasa a ɓangaren akwati kawai. Na sa ɗan ƙwayar lantarki 74HC14 dab da idanun don ya daidaita gefen siginar kafin ta kama hanya, na zura wayoyin moto ta cikin zoben ferayit, na kunna matatar da ke cikin ma'ƙirgin katin. Ban iya cewa wanne ne ya fi yin aiki ba tunda kusan tare na yi su, amma ƙayoyin sun ɓace.

Da ƙirga ta tsaya daram, sai na dawo kan gudu. Abin da aka nema da abin da moto ke bayarwa ba sa tafiya a miƙe, musamman a ƙasa-ƙasa. Na auna a matakai daban-daban na yi ɗan jadawalin gyara a HAL. Na kuma haɗa siginar da ke hana wuƙa fara yanka sai cok ya kai gudun da aka ce.

Gwajin da na ɗauka a matsayin hukunci shi ne tiredin M10 mai tazarar 1.5. Na fara da alminiyom. Na fere shi zuwa milimita 10, na sa wuƙa mai kusurwar digiri 60, na daidaita tsininta da tsakiyar sanda. Akwai wani lissafi da ya kamata a yi kafin a danna komai: a tiredi, cok ne ke jan ragama, Z biyayya kawai yake yi. Juyi 400 a minti sau 1.5 ya ba da milimita 600 a minti, yana cikin ikon layin. In na kai juyi 800, ana neman 1200, alhali iyakata 900, layin ba zai iya bi ba. Saboda haka 400 na zaɓa, na kuma fara daga milimita 3 kafin bakin ƙarfe don keke ya samu filin ɗaukar gudu. Zurfin haƙori a irin wannan tiredi kusan 0.613 ne sau tazara, wato 0.92, a kauri kuma 1.84. Daga X12 Z3, cikin yanayin G7 inda ake ba da lambobi da kauri, layin umarnin yanka tiredi, G76, ya kasance haka:

G76 P1.5 Z-20 I-2 J0.3 K1.84 R2 Q29.5 H2

P shi ne tazara, Z inda tiredi zai ƙare, I nisan fatar ƙarfe daga inda wuƙa ta fara, J zurfin bi na farko, K kuma cikakken zurfi. R2 yana sa kowane bi ya fi na baya rashin zurfi, yadda nauyin yanka ba zai riƙa ƙaruwa ba yayin da wuƙa ke nutsewa. Q29.5 yana sa ta shiga a karkace, gefe ɗaya ya ɗauki yawancin aikin, wanda ke da muhimmanci ga injin da ba shi da nauyi. H2 kuma bi biyu ne na ƙarshe ba tare da ƙara zurfi ba, don share abin da lanƙwasar wuƙa ta bari.

Na fara gudanar da shi a iska, hannuna kan jan maɓalli. Sannan na shafa wa ƙarfen baƙin maka na bar bi na farko kaɗai ya taɓa shi. Wani siririn layi fari ya naɗe sandar, na ɗora ma'aunin tiredi a kai, haƙoransa suka zauna cikin layin. Na sake shi. Keke ya tsaya cak a Z3 na ɗan ƙiftawa yana jiran mafari, ya zabura, ya janye, ya dawo, ya sake tsayawa. Kowane bi yana faɗawa cikin ramin na baya. Wajen bi na ƙarshe-ƙarshe ana jin moto yana nishi, gudunsa na sauka, kuma ana jin kukan Z yana sauka tare da shi. Wannan ne abin da ramuka 100 suka saya mini. Noti ya shiga da ɗan tauri, na ƙara K kaɗan na maimaita ba tare da na kwance aikin daga cok ba, ya shige da yatsa biyu babu girgiɗi. Da na koma kan ƙarfe mai tauri sai na rage J, na sa mai, na kuma mayar da bel kan fulin da ya fi ba da ƙarfi.

Sarrafa gudu daga kwamfuta ya kawo wani amfani da tsohon tsarin bai taɓa yi ba. Da umarnin G96 ana faɗin gudun da ake so fatar ƙarfe ta riƙa wuce bakin wuƙa da shi, manhaja kuma ta riƙa canza juyi gwargwadon kauri. Mita 100 a minti a kan kaurin milimita 20 yana neman juyi kusan 1,590. Yayin da wuƙa ke gyara fuska tana nufar tsakiya, kauri na raguwa, juyi na hawa, kuma a lissafi ba shi da iyaka in an kai sifili. Shi ya sa ake sa masa rufi: G96 D2000 S100. Daga wajen milimita 16 zuwa ƙasa, juyin yana tsayawa kan 2000. Fuskar da ke fita ta wannan hanya ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba.

Abu biyu suka ɗan ɗaure mini kai daga baya. Ɗaya, wuƙar injina a gaban sanda take, saboda haka G2 da G3, umarnin yanka baka, suna lanƙwasa akasin yadda ido ke tsammani, kuma haka ƙa'idar take a shimfiɗar X da Z, wato G18, ba matsalar saiti ba ce. Na riƙa duba zanen hanya a allo kafin in saki kowane shiri mai baka. Na biyu, teburin wuƙaƙe. Kowace wuƙa sai an gaya wa manhaja inda tsininta yake. Yadda nake yi shi ne in fere ɗan wuri, in janye ta Z kawai ba tare da na taɓa X ba, in tsayar da cok, in auna da maikuromita, in shigar da kaurin da na gani. Ga Z kuma in gyara fuska in ce nan ne sifili. Tunda akwai makunnan gida, lambobin suna nan ko an kashe injin an kunna, amma na lura makunnin X yana iya bambanta da ɗan kaɗan tsakanin kunnawa da kunnawa, don haka in aikin na boris ne ko wani abu mai matsi, nakan bar 0.1, in auna, in gyara, sannan in yi bi na ƙarshe.

Ido ɗaya a kan ramukan yana ƙirga juyi amma bai san ko gaba ake yi ko baya ba. Tiredin waje da na ciki da wuƙa ba su damu da haka ba. Yanka tiredi da taf a ɗaure kuwa, wato ƙarfen da ake murɗawa cikin rami ya fitar da haƙora, inda cok zai tsaya ya juya baya Z na biye da shi, yana buƙatar ido na biyu da aka gusar da shi rubu'in tazarar rami daga na farko, da kuma rile mai juya alƙiblar moto bayan ya tsaya. Na riga na huda mazaunin idon a farantin, na bar masa waya a cikin rigar, kafar B ta ma'ƙirgin katin, inda ido na biyun zai shiga, kuma tana nan babu kowa a kanta.